Tsohuwar kad-rida ta ƙi karanta sabon memori: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ina da ɗan shagon wanke hoto, kuma har yanzu da tsohuwar kwamfuta mai Windows XP nake aiki, saboda da ita firintata take tafiya. Kwamfutar tana da kad-rida, wato na'urar karanta memori, a jikinta mai ramuka huɗu. Tsofaffin memori na 1GB da 2GB suna buɗewa lafiya lau, amma da na sa na 8GB ko 16GB sai ta yi shiru. Na sayo wata ƙaramar rida ta USB, ita tana buɗe 16GB, amma in aka kawo na 64GB sai kwamfuta ta ce sai an yi masa fomatin. Wani lokaci kuma ta ce memorin a kulle yake. Har kwastomomi sun fara cewa ni nake lalata musu memori. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kafin komai, ga abin da nake so ka riƙe tun daga yau: duk ranar da kwamfuta ta ce maka a yi wa memorin kwastoma fomatin, kada ka amsa mata. Rufe saƙon, zare memorin. Mafi yawan lokuta hotunan suna nan daram, kwamfutar ce ta kasa gane tsarin da aka ajiye su. Da zarar ka danna, abin da yake matsalar karatu ya koma asara, kuma hoton biki ko na suna ba a sake ɗaukarsa.

Bisa abin da ka bayyana, ban ga alamar memori ko ɗaya ya lalace a hannunka ba. Matsala biyu ce daban, kama da wane ce ta sa suka zama kamar ɗaya. Ta farko a jikin ridar kwamfutarka take, ta biyu kuma a Windows XP take.

Mu fara da ridar da ke jikin kwamfuta. Memorin SD, wanda kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba suka haɗu suka fito da shi a 1999, siffarsa ba ta canja ba har yau. Shi ya sa mutane suke ɗauka duk memorin da ya shiga rami to ya kamata ya yi aiki. Amma cikinsa ya canja. Zubin farko, wanda ake rubuta SD kawai a jikinsa, iyakarsa 2GB. A 2006 aka fito da SDHC, daga sama da 2GB zuwa 32GB. A 2009 aka sanar da SDXC, daga sama da 32GB zuwa 2TB. Akwai ma SDUC da aka tsara a 2018, amma wannan bai shafe ka ba yanzu. Ka ɗauki memorin ka duba tambarin da ke jikinsa, za ka ga ƙananan haruffa HC ko XC kusa da SD. Wannan tambarin ya fi lambar girman muhimmanci.

Bambancin SD da SDHC a ƙidaya yake. Tsohon memori yana ƙirga wuraren ajiyarsa ne bayit-bayit, kamar mai ƙirga gero ƙwaya-ƙwaya. Lambar da ake amfani da ita wajen nuna wuri tana da iyaka, ba ta wuce kusan biliyan 4.3 ba, wato iyakar abin da za a iya nunawa da ita bai wuce 4GB ba. Da aka ga hanya ta toshe, sai aka ce a daina ƙirga ƙwaya, a koma ƙirga mudu. Kowane mudu bayit 512. Da lambar nan dai guda, yanzu ana iya kaiwa 2TB. To in tsohuwar rida ta ce wa sabon memori "ba ni lamba dubu", ita ƙwaya ta dubu take nufi, shi kuma mudu na dubu zai ji. Da an bar su haka, da rida ta riƙa rubutu a inda ba nan ba, ta hargitsa komai. Saboda haka masu tsarin suka sa wata gaisuwa: sabon memori ba zai fara aiki ba sai rida ta fara aika masa wani umarni da ake kira CMD8, sannan ta shaida masa cewa ta san ƙidayar manyan memori. Ridar da aka ƙera kafin 2006 ba ta san wannan gaisuwar ba. Memorin zai yi ta jira, ita ma ta yi ta jira, ƙarshe kwamfuta ta ce babu komai a ramin. Shirun da kake gani kariya ce, kuma gara shi da a ce ta buɗe memorin ta karanta shi a karkace.

Za ka ji wasu suna cewa a yanka memorin 16GB a mayar da shi 2GB, a yi masa FAT16, wato tsohon tsarin ajiyar fayil, sai tsohuwar rida ta karɓa. Kada ka ɓata lokacinka. Yanka memori da fomatin duk a saman ƙidayar suke, ba sa canja yadda memorin yake magana da rida. SDHC ko ka bar masa 500MB kawai, SDHC ne. Haka kuma sauke direba, wato manhajar da ke sa Windows ya yi aiki da na'ura, ba zai yi magani ba. Ridar gaban kwamfutar tebur, ko da kana ganinta a manne, ta ciki da wayar USB take haɗe da allon cikin kwamfuta (motherboard), kuma ɗan guntun da ke cikinta ne yake magana da memori, Windows sakamako kawai yake karɓa. Inda direba yake amfani shi ne ramin memori na wasu laftof, inda Windows da kansa yake tafiyar da zancen. Don irin waɗannan ne Microsoft ya fitar da gyaran KB934428 ga XP. Ridarka ba ta cikin wannan sahun. Ita dai ta tsaya a 2GB, kuma a nan za ta tsaya.

Amma kada ka cire ta ka yar. Ramukan nan huɗu galibi sun haɗa da CompactFlash, da Memory Stick na Sony, wani lokaci har da xD na kyamarorin Olympus da Fujifilm. Sabbin ridoji da yawa SD da microSD, wato ƙaramin memorin waya, kawai suke ɗauka. Ranar da wani dattijo zai zo maka da tsohuwar kyamara yana son hotunan aikin Hajjinsa, wannan tsohuwar ridar ce za ta fitar da kai kunya. Ka dai kula da ramin CompactFlash, allurai 50 ne a ciki, kuma in aka tura memori a karkace ɗaya ta lanƙwashe, ramin ya tashi aiki.

Yanzu ƙaramar ridar USB. Tunda tana buɗe 16GB, ta san ƙidayar mudu. SDXC kuwa da ƙidayar nan dai yake aiki, don haka ridoji da yawa na zamanin SDHC suna iya isar da memorin 64GB ga kwamfuta ko da ba a rubuta XC a jikinsu ba. Alamar cewa taka ta isar da shi ita ce saƙon fomatin ɗin nan: kwamfuta ba ta neman yi wa abin da ba ta gani ba fomatin. Abin da ya gagare ta shi ne tsarin ajiyar fayil. Memori har zuwa 32GB da FAT32 yake zuwa, wanda XP ya sani sarai. Daga 64GB zuwa sama da exFAT yake zuwa, tsarin da Microsoft ya fito da shi a 2006, shekara biyar bayan fitowar XP. Windows Vista ya samu shi daga kunshin gyaransa na farko (SP1), Windows 7 da na bayansa da shi suka zo, kwamfutar Apple ta samu shi daga Mac OS X 10.6.5. XP kuwa sai an ɗora masa gyaran KB955704, kuma sai yana kan SP2 ko SP3. In ka samu wannan gyaran daga hannun da ka amince da shi, ka ɗora, ka sake kunna kwamfuta, akwai kyakkyawan zaton memorin 64GB zai buɗe kamar sauran. Na ce hannun da ka amince da shi ne saboda Microsoft ya daina kula da XP tun watan Afrilun 2014, kuma shafukan da suke raba tsofaffin fayiloli irin wannan ba duka ne na kirki ba.

Akwai gwajin da nake so ka koya, don zai raba maka gardama a minti ɗaya. Sa memorin, danna maɓallin Windows da R tare, rubuta diskmgmt.msc. Tagar Disk Management za ta buɗe. In ka ga ridar amma an rubuta No Media alhali memori yana ciki, rida da memori ne ba su gaisa ba: ko rida ta tsufa, ko haɗin ƙarfen bai kama ba. In ka ga girman memorin daidai amma an rubuta RAW ko ba a rubuta sunan tsari ba, rida ta yi aikinta, Windows ne bai gane ba. Girman daidai kuwa ba lambar da ke jikin memorin ba ce: na 64GB zai nuna kusan 59, na 32GB kusan 29, na 16GB tsakanin 14 da 15, saboda masu ƙerawa da Windows ba da ma'auni ɗaya suke ƙirgawa ba. In kuma ka ga girman da ya yi nisa da gaskiya, misali memorin 64GB ya nuna 30GB ko ƙasa, zare shi nan take. Wannan ridar tana karanta shi rabi-rabi ne, kuma ita ce mafi haɗari, don in ta yi rubutu a kai za ta iya lalata shi da gaske. Akwai kuma yanayi na huɗu mai sauƙi: komai ya fito daidai, FAT32, girma daidai, amma babu harafi irin E ko F a gefensa. Rida mai ramuka huɗu tana cin harufa huɗu ita kaɗai, wani lokaci su yi karo da na wani abin. Danna dama a kan memorin, ka zaɓi canja harafi, ka ba shi wanda babu mai amfani da shi.

Ba kowane saƙon fomatin ne na exFAT ba, kuma a nan nake so ka ƙara natsuwa. Tun daga Android 6.0 na 2015, wasu wayoyi suna tambayar mai su ko yana so memori ya zama ɓangaren ma'ajiyar waya. In ya amince, wayar tana kulle memorin da mabuɗin sirri wanda ita kaɗai take riƙe da shi. Irin wannan memorin ko sabuwar kwamfuta ka sa wa, fomatin za ta nema, kuma babu ridar da za ta buɗe shi. Maganinsa a mayar da shi cikin wayar da ta kulle shi, a haɗa wayar da kwamfuta ta kebul ɗin USB, a kwashi hotunan ta nan. Don haka duk wanda ya miƙo maka ƙaramin memori, tambaye shi daga ina ya ciro shi. Wannan tambayar ta ceci hotuna da yawa a shagona.

Maganar kulle kuwa, ɗan makunnin da ke gefen hagu na babban memori ba a haɗe yake da komai a cikin memorin ba. Roba ce zalla. Rida ce take da wani siririn ƙarfe a cikin raminta da yake taɓa wurin, ya ji ko makunnin yana sama ko ƙasa, ya gaya wa kwamfuta. In ƙarfen nan ya saki saboda yawan sawa da cirewa, kowane memori zai zama a kulle a wurinta. In makunnin ne ya yi laushi, yana zamewa ƙasa da kansa yayin da kake tura memorin. Gwada memori uku: in duka sun ce a kulle, laifin rida ne, in ɗaya ne kawai, duba makunninsa. A sana'arka ma kullen alheri ne. Kai kwafa kake yi, ba rubutu ba. Ni shawarata ka riƙa saukar da makunnin da hannunka kafin ka sa memorin kowane kwastoma. Ta haka ko ƙwayar cuta tana cikin kwamfutarka, rida mai lafiya ba za ta bari a yi rubutu a kai ba. Akwai dai wani kullen na daban: wasu memori in sun kusa mutuwa suna hana rubutu da kansu don kare abin da ya rage. In memori ya ƙi rubutu a kowace rida da kowace waya, a kwashe abin da ke ciki ranar, a sayi wani.

Sai adafta, wato gidan robar da ake zura microSD a ciki. Babu wata na'ura a cikinta, ƙarafa ne kawai suke haɗa ƙafafu 8 na ƙaramin memori da ƙafafu 9 na babba. Ba ta iya mayar da SDHC ya zama SD, kuma ita ce ta fi komai saurin lalacewa. A shekarun da na yi ina gyara, memorin da aka kawo mini da sunan ya mutu alhali adafta ce ta saki ba su ƙirguwa. Ka ajiye guda biyu ko uku masu kyau, ko ka samu rida mai ramin microSD kai tsaye. Lokacin hunturu kuma ƙura tana cika ramuka. Kada ka busa da baki, kada a lashi ƙarfen memori kamar yadda na ga wasu suna yi, damshi ne yake kawo tsatsa. Ɗan sifirit a jikin auduga, a goge ƙarafan a hankali, a bari ya bushe sarai. In memori yana fitowa yana ɓacewa a tsakiyar kwafa, mayar da ridar ramin USB na bayan kwamfuta, ka cire doguwar waya da abin raba rami. Ramin USB 2.0 ba ya ba da wutar da ta wuce 500mA, kuma ramukan gaba a tsofaffin kwamfutoci sukan yi rauni.

Dole in taɓo jabun memori, don da yawa daga zargin da ake yi wa masu shago daga nan yake. Ana ɗaukar memori ƙarami a canja bayanin cikinsa ya riƙa cewa shi 64GB ne ko 128GB. Zai yi aiki lafiya har sai an cika ainihin girmansa, daga nan sabbin hotuna su riƙa tafiya inda babu, ko su taka na baya. Mai shi yana ganin sunayen fayil a waya, bai san babu komai a cikinsu ba, sai ranar da ya kawo maka wanki hoton ya ƙi buɗewa, ya ce kai ne. Alamarsa ita ce tsofaffin hotuna suna buɗewa, na baya-bayan nan ba sa buɗewa, ko akasin haka. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce, tana cika memori da bayanai ta sake karantawa ta faɗi ainihin girmansa. Memorin da babu komai a ciki ake yi wa wannan gwajin, don haka ka yi wa duk wanda ka saya kafin ka fara aiki da shi. Araha ba ta ado a harkar memori.

In kuma memori ya buɗe amma folda duk sun koma alamar gajeriyar hanya mai ɗan kibiya, wannan ba ruwan rida, ƙwayar cuta ce da ta ɓoye fayilolin, kuma tana yawo sosai tsakanin shagunan tura waƙa da na hoto. Kada ka danna su. A kan kwamfuta mai tsafta, umarnin attrib -h -r -s /s /d tare da harafin memorin yana dawo da abin da aka ɓoye.

Idan an riga an yi fomatin bisa kuskure, kada a yanke ƙauna, amma kada a ƙara ɗaukar hoto ko ɗaya a kai. Wani mai ɗaukar hoton biki ya taɓa zuwa wurina hankalinsa a tashe, yaron shago ya amsa wa kwamfuta a kan memorin ɗaurin aure. Allah ya taimake shi bai mayar da shi kyamara ba. Da PhotoRec, ita ma kyauta ce, muka dawo da mafi yawan hotunan, sunayensu ne kawai suka canja. Fomatin na gaggawa teburin sunaye yake sharewa, hotunan suna kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Abin da aka dawo da shi kuma a ajiye shi a kwamfuta, ba a kan memorin ba. Cikakken fomatin a Windows Vista zuwa sama kuwa yana bin memorin da sifiri daga farko har ƙarshe, bayansa babu abin da ake samu.

Memorin da yake naka, wanda babu komai a ciki, kana iya mayar da na 64GB zuwa FAT32 don XP ko rediyon mota ko tsohuwar kyamara mai SDHC su karɓe shi. Tagar fomatin ta Windows ba ta ba da zaɓin FAT32 ga abin da ya wuce 32GB, sai ka yi da manhaja irin Rufus a kan sabuwar kwamfuta. Sharaɗinsa fayil guda ba zai kai 4GB ba, wanda bai dami hoto ba amma yana damun dogon bidiyo. In kana son mayar da memori yadda ya fito daga kamfani, SD Memory Card Formatter ta ƙungiyar SD Association ce ta fi dacewa.

Da ni ne a shagonka, ga yadda zan tsara. Zan sayi rida mai kyau wadda aka rubuta SDXC ƙarara a jikin kwalinta, mai ramin SD da na microSD. Ko ta USB 3.0 ce za ta yi aiki a ramin USB 2.0, gudunta ne kawai zai tsaya wajen 30MB zuwa 35MB a daƙiƙa, wanda ya ishi hoto. Kada alamomin gudu irin UHS-I ko UHS-II su tsorata ka, irin waɗannan memori suna saukowa gudun da rida take iyawa. Sannan zan raba aikin gida biyu: kwamfutar XP ta tsaya a kan firinta kawai, memorin kwastoma kuma a buɗe shi a wata laftof mai Windows 10 ko sama, ko tsohuwa ce. A kulle memorin, a kwafi hotunan da za a wanke zuwa filashin shago mai FAT32, a kai wa XP. In laftof ba ta samu ba tukuna, wayoyin Android da yawa suna karɓar rida ta OTG, wato wadda ake haɗawa da ramin cajin waya, sai dai ka fara gwada taka da memorin 64GB naka, don ba kowace waya ce take karanta exFAT ba. Ko wacce ka yi amfani da ita, ka riƙa cire memori ta hanyar Eject kafin ka zare, kuma in wuta tana rawa ka jira ta daidaita ko ka tayar da janareta kafin ka sa memorin mutane a kwamfutar tebur.